Kyamarar da aka ce tana gane ɓarawo tun kafin ya fita daga kanti, akwai wanda ya taɓa gwadawa?

Abban_Khadija:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema gun waɗanda suka san harkar. Ina da kantin kayan masarufi a nan Kano, irin wanda mutum zai shiga ya ɗau kwando ya zaɓi kayansa da kansa ya zo gun kashiya ya biya. Matsalata duk ƙarshen wata in muka ƙirga kaya sai mu ga giɓi, kuma ba manyan kaya ba ne, ba wanda zai saɓa buhun shinkafa ya fita da shi, ƙananan nan ne masu tsada, madarar jarirai ta gwangwani, turare, man shafawa, batir, reza, cakulan. Ina da kyamara takwas amma amfaninsu sai bayan an gama ɓarna, ka zauna kana mayar da bidiyo baya har idonka ya yi ja, in ma ka ga mutumin ina za ka same shi. To shekaranjiya wani yaro mai haɗa kyamara ya zo min da maganar wai akwai manhaja mai ƙirƙirarriyar basira, AI ɗin nan, da ake ɗora wa kyamarorin da nake da su, ita za ta dinga kallo a madadina, da ta ga mutum ya zura kaya a aljihu ko a jaka sai ta turo min guntun bidiyo a waya nan take. Ya ce akwai ma wadda ke riƙe fuska, wanda ya taɓa maka sata in ya dawo tun daga bakin ƙofa za ta sanar da kai. Biyan wata-wata ne kuma da dala suke lissafi. Abin nan yana aiki da gaske ko zaƙin bakin masu talla ne?

Sani_Singa:
Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya mayar da alheri. Ni dai shawarata ka kwashe madarar da turaren ka mayar bayan kanta, wanda yake so ya tambaya a miƙo masa. Wannan ba ta cin data ba ta jiran wuta.

Injiniya_Sadi:
Alhaji sana'ata ce haɗa kyamara, bari in ɗan rarrabe maka don yaron ya haɗe maka abu biyu wuri ɗaya. Akwai wadda ke kallon motsin jiki, ita ba ruwanta da ko wane ne kai, hannu take bi, an nuna mata dubban bidiyo na yadda mutum ke ɗaukar abu daga kan shelf ya kai shi cikin riga ko jaka har ta koyi siffar motsin. Wani kamfanin Faransa mai suna Veesion irin wannan yake sayarwa. Sai kuma ta gane fuska, wadda ke auna fuskar duk wanda ya shigo ta gwada da jerin hotunan waɗanda aka sa mata, a Ingila Facewatch ne suka yi suna a kanta. Sannan akwai na uku da yaranmu ke cewa AI alhali ba shi ba ne abin da kake nema, wato wanda ke zuwa cikin wasu na'urorin kyamara na kamfanonin Hikvision da Dahua, aikinsa ya bambance mutum da mota da kyanwa, ko ya yi ƙara in an tsallake wani layi da daddare. Yana da kyau don masu fasa shago amma ba zai ce maka wance ta sa cakulan a jaka ba. Ka tambaye shi takamaimai wanne yake nufi, kuma ya nuna maka kanti ɗaya da ya sa wa, ka je ka gani da idonka.

Sai abu na biyu, kyamarorinka takwas ɗin nan ina suke kallo? Yawancin kantunan da nake shiga an maƙala su can ƙuryar silin suna kallon tsakar kan mutane. A haka ko mutum bai iya ganin hannu ba balle manhaja.

Bashir_UK:
Ni gadi nake yi a wani kanti a nan Ingila, kuma muna da mai gane fuskar. Gaskiya satar kanti a nan ta wuce yadda kuke tunani a gida, alƙaluman hukuma sun ce a 2024 an kai wa 'yan sanda rahoto sama da 500,000 a Ingila da Wales kaɗai, ban da wanda ba a kai ba. Yadda take aiki, mutum na shigowa wayar aikin da ke aljihuna za ta yi ƙara, hoto biyu ya fito, na yanzu da na ranar da aka sa shi a jerin. Ba kama shi zan yi ba, zuwa zan yi in tsaya kusa da shi in ce ko in taimaka maka da kwando, ya gane an gane shi, yawanci sai ya juya ya fita. Ta wannan fuskar wallahi ta rage mana faɗa, don akwai waɗanda a da kullum sai sun zo sun cika jaka da nama da kofi. Amma akwai ranar da ta nuna min wani dattijo baƙi, na duba hoton biyu na ga eh sun yi kama, na je na tsaya kusa da shi ya ɗago ya kalle ni, sai na ga ai wannan ba shi da tabon da ke kan girar wancan. Da wani mai gaggawa ne a wajen da an tozarta bawan Allah nan a gaban jikarsa. Har yau in na tuna kallon da ya yi min raina ɓaci yake.

Maman_Hanif:
Ni tambayata ga Injiniya. Ka ce hannu take bi. To mu mata masu hijabi fa? Ni jakata a cikin hijabi take, wayata a ciki, kuɗina a ciki, in na shiga kanti hannuna ya shiga ya fita ya fi sau ashirin, ga goyo ina gyarawa. Kenan duk motsin da na yi wayar Alhaji ƙara za ta yi? Ina faɗin haka ne saboda ya taɓa faruwa da ni ba ma da na'ura ba, a wani babban kanti wani mai gadi ya tare ni a bakin ƙofa wai ya ga na sa abu a hijabi, aka kira wata ma'aikaciya ta laluba ni mutane na kallo, abin da ya gani fidar ɗana ce. Haƙuri kawai suka ba ni. Shekara uku kenan ban sake taka ƙofarsu ba, kuma duk 'yan gidanmu sun daina zuwa.

Injiniya_Sadi:
Hajiya wallahi tambayarki ita ce tambayar. Waɗannan manhajojin da bidiyon kantunan Turai aka fi koyar da su, mutane cikin wando da kwat da jakar goyo. Hijabi har ƙasa, babbar riga, mayafi, aljihun jamfa na gefe da namiji ke sa hannu yana ciro carbi, duk wannan sai an gwada a nan kafin a san me za ta yi da shi. Shi ya sa na ce wa Alhaji kar ya biya sai ya gani.

Safiyya_Kwamfuta:
Ƙari a kan maganar Yaya Bashir, abin da ya faru da dattijon nan ba tsautsayi ba ne kawai, an yi bincike a kai. A 2018 Joy Buolamwini, 'yar asalin Ghana da ke jami'ar MIT ta Amurka a lokacin, ita da Timnit Gebru sun gwada manhajojin manyan kamfanoni uku a kan bambance fuskar mace da ta namiji, a fararen maza kuskuren bai kai 1 cikin 100 ba, a baƙaƙen mata ya kai wajen 35 cikin 100. A Disambar 2019 kuma hukumar NIST mai tsara ma'aunai ta Amurka ta gwada manhaja 189 na gane fuska, ta samu da yawansu sun fi rikita fuskokin baƙaƙe da 'yan Asiya sau 10 har zuwa sau 100 a kan na farare, kuma cikin waɗanda aka fi ɗaukar wani a matsayin wani akwai mu 'yan Afirka ta Yamma. To ka ga kanti a Kano kwastomominsa duka mu ne.

Kb_Tech:
Safiyya 2018 da 2019 ai an daɗe, a harkar nan shekara ɗaya kamar goma ce. Na yanzu sun fi waɗancan nesa ba kusa ba. Wayarki ma da fuska kike buɗe ta ko? Banki ma yanzu fuska suke dubawa. Kar mu tsorata mutum da tsohon labari.

Safiyya_Kwamfuta:
Na yarda sun inganta Kb. Amma waya fuska ɗaya take gwadawa da fuska ɗaya, kana riƙe da ita daf da hancinka kana kallonta cikin haske. Ta kanti kuma mutum na tafe ya sunkuyar da kai, hula a ka, rana ta bugo daga bayansa ta bakin ƙofa, a gwada shi da hoton da aka yanko daga wani tsohon bidiyo mai dishi-dishi. Kuma ka yi lissafi, ko da sau ɗaya take kuskure a cikin mutum dubu, kantin da mutum ɗari biyar ke shiga kullum ai duk kwana biyu an zargi wani da bai ji ba bai gani ba.

Barista_Bintu:
Alhaji ta ɓangaren doka ka yi hattara da mai fuskar. A Amurka akwai kamfanin kantunan magani Rite Aid, sun yi amfani da ita daga 2012 zuwa 2020, a Disambar 2023 hukumar FTC mai kare haƙƙin masu saye ta haramta musu amfani da ita har shekara biyar saboda ma'aikata sun dinga bin mutane suna kunyata su bisa kuskuren na'ura, har da yarinya 'yar shekara 11 da aka tsayar aka caje, kuma an gano abin ya fi faruwa a unguwannin da ba farare suka fi yawa ba. A Ingila ma a 2024 BBC ta kawo labarin wata da aka fitar daga kantin Home Bargains aka ce mata ɓarauniya, daga baya Facewatch suka rubuto mata cewa kuskure ne. Mu kuma a nan muna da dokar kare bayanan jama'a ta 2023 da hukumar NDPC mai kula da ita, kuma bayanan halittar jiki irin ma'aunin fuska suna cikin waɗanda dokar ta fi tsanantawa a kansu. Kai ne mai kanti, kai za a tambaya ina hotunan suke, wa ke gani, yaushe ake gogewa. In manhajar tana tura su wata ƙasa wannan ma wani babin ne daban. Ko kyamarar yau da kullum ce ka liƙa sanarwa a bakin ƙofa.

Dan_Kwari:
Duk kun tafi Ingila da Amurka kun bar zancen a gida. Alhaji shekarata ashirin da wani abu a kasuwa, in bera na da sata daddawa ma na da wari. Kafin ka zargi kwastoma ka duba sito, ka duba ƙofar baya, ka duba kashiya. Katan na zuwa a rubuta 24 alhali 22 ne a ciki. Kashiya abokinsa ya zo da kaya biyar ya buga uku. Kwastoma ɗaiɗai yake ɗauka, na gida da katan yake fita. Kyamarar da ke kallon hannun Hajiya ba za ta ga wannan ba.

Auwalu_Yaron_Shago:
Baba Dan Kwari da girmanka amma maganar nan tana mana ciwo. Duk abin da ya ɓata yaron shago ne. Ni daga takwas na safe zuwa goma na dare nake tsaye, in kaya ya yi giɓi a albashinmu ake yanka a raba mana mu huɗu ko wa ya ɗauka oho. Wallahi ni zan fi kowa murna a sa na'urar da za ta nuna gaskiya, don na sha biyan kuɗin turaren da ban taɓa ko shinshinawa ba. Akwai wata da ke zuwa da yara biyu, ita tana jan ka da ciniki yaran suna zagaye, mun sani sarai amma maigida ya ce kar a taɓa ta sai da hujja, ƙarshen wata kuma mu za mu biya.

Dan_Kwari:
Ka yi haƙuri ɗana ban ce duka ba. Kuma yankan albashi kan abin da ba a tabbatar ba zalunci ne, wannan ko a gaban maigidanka zan faɗa.

Ummu_Sumayya:
Ni abin da ya tsaya min a rai madarar jarirai da Alhaji ya ambata. Ku je ku tambayi kuɗin gwangwani ɗaya yanzu. Ban ce sata halal ce ba, amma uwar da nononta ya ƙafe jariri na tsala kuka... Sayyidina Umar ma ai ya dakatar da haddin sata a shekarar fari. Na'ura ba ta san wannan ba.

Sani_Singa:
Anti Ummu wasu kam yunwa ce, amma madarar nan da turaren ba sha ake ba, sayarwa ake. Suna da masu karɓa a rabin kuɗi. Yaya Bashir ma zai faɗa miki haka ne a can. Kuma shi Alhajin bashi ya ɗauko kayan a gun dila, in ya karye yara nawa ne za su rasa aiki.

Malam_Tukur:
Maganar Ummu Sumayya da ta Sani duka akwai gaskiya, amma hukuncin wanda aka kama ba shi Alhaji ya tambaya ba. Ni tsorona ɗaya ne, kuma Bashir ya taɓo shi bai ƙarasa ba. A Ingila in na'ura ta yi kuskure mai gadi zai ce ka fita. A nan in aka ce ɓarawo a bakin titi kowa ya san abin da ke biyo baya, kafin a ce a duba bidiyo an fasa wa mutum kai, wani ma taya ake nema da fetur. Kuma mutanenmu in aka ce kwamfuta ce ta faɗa shi kenan ta zama shaida. Addini ya hore mu da nisantar yawan zato, ita kuwa na'urar nan zato take samarwa, ba yaƙini ba. In har za ka sa, Alhaji, sanarwar ta tsaya a wayarka kai kaɗai ko wani babba mai hankali, ban da ƙararrawa, ban da yaran da jininsu ke tafasa.

Barista_Bintu:
Malam ko a can ɗin ma ba a tsira ba. A Janairun 2020 'yan sandan birnin Detroit na Amurka sun kama wani baƙar fata Robert Williams a ƙofar gidansa gaban matarsa da 'ya'yansa mata biyu, wai ya saci agoguna a wani kanti, ya yi wajen awa 30 a tsare. Manhaja ce ta haɗa hoton lasisin tuƙinsa da bidiyon kyamarar kantin, kuma ba shi ba ne.

Issoufou_Damagaram:
Salamu alaikum daga Zinder. Mu nan butik ɗinmu kwastoma waje yake tsayawa, kai kana ciki, ya ce ba ni kaza ka miƙa mishi, to ina sata za ta fito. Ku ne kuka ɗauko tsarin Turawa na kowa ya ɗauka da hannunshi, dole matsalarsu ta biyo ku. Kuma ina tambaya, in kuran, wato wuta, ya ɗauke ko rezo, wato intanet, ya faɗi ita basirar tana ci gaba da gani?

Injiniya_Sadi:
Malam Issoufou in ba sola da batir ai komai ya tsaya, in intanet ya yanke kuma sanarwar ba za ta iso waya ba sai an gama an tafi. Wannan ma kuɗi ne da yaron bai lissafa wa Alhaji ba.

Kb_Tech:
To amma fa ku sani manyan kamfanonin duniya ba wawaye ba ne da suke zuba kuɗi a ciki. Walmart, babban kamfanin kantuna na Amurka, sun yi amfani da ta Everseen, wani kamfanin Ireland, tana kallon wajen biyan kuɗi, in an wuce da kaya ba a buga ba ta sanar. Wannan ai ita ce maganin kashiyan da Baba Dan Kwari ke magana.

Safiyya_Kwamfuta:
Haka ne, kuma ni ma ina ganin ta wajen kashiya ta fi ma'ana don wuri ɗaya take kallo mai haske. Sai dai a 2020 wasu ma'aikatan Walmart ɗin sun koka wa 'yan jarida cewa tana yawan ƙarar banza kuma ana zille mata, misali a ɗora kaya biyu a buga na ƙasa. Amazon ma da suka yi kantin da za ka ɗau kaya ka fice kawai a cire kuɗin a asusunka, a 2024 rahotanni suka fito cewa akwai mutane wajen 1,000 a Indiya da ke duba bidiyon, kamfanin ya ce aikinsu koyar da manhajar ne da duba wasu kaɗan, amma dai a shekarar suka cire tsarin daga manyan kantunansu na Fresh a Amurka. Duk inda ka leƙa sai ka samu mutum zaune a bayanta.

Abban_Khadija:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri, na karanta duka har sau biyu. Hajiya Maman Hanif labarinki ya taɓa ni don rabin masu shigo min mata ne 'yan unguwa, wasu tun ina tebur a bakin layi suke sayayya a guna, in na kunyata ɗaya ban san da idon da zan kalli mijinta a masallaci ba. Mai fuskar kam na ajiye ta. Baba Dan Kwari jiya da daddare na zauna na duba, a cikin takwas ɗin nan babu ko ɗaya da ke kallon ƙofar sito, kuma wadda ke kan kashiya bayansa take ɗauka ba teburin ba. Auwalu ni ma na taɓa yankar wa yarana sau biyu, maganarka ta hana ni barci. Na kira yaron ya ce ta motsin hannu ce yake nufi kuma zai iya sa min gwaji na sati biyu a kyamara uku. Ina tunanin in karɓa, sanarwar a wayata ni kaɗai kamar yadda Malam ya ce, ba zan tare kowa ba, in dinga rubuta sau nawa ta yi ƙara sau nawa ta yi gaskiya.

Maman_Hanif:
To Alhaji in za ka gwada ka sa iyalinka ko ƙanwarka ta shiga da hijabinta ta yi sayayya yadda ta saba, ka ga sau nawa za ta kira ta ɓarauniya.

Dan_Kwari:
Ni dai har yanzu kuɗin dalar nan da ka ɗau yaro ɗaya amintacce ka sa shi a layin turaren ya fi maka.

Bashir_UK:
Sati biyu ya yi kaɗan a ganina, nemi wata guda ya haɗa da ƙarshen wata lokacin da kanti ke cika. Kuma ka tambaye shi bidiyon gwajin ina yake zuwa, a na'urarka yake zama ko fita yake, Barista ta yi maganar ba wanda ya amsa.

Injiniya_Sadi:
Alhaji kafin ya zo ka sa a sauko da kyamara ukun nan su dawo daidai tsayin shelf na sama suna kallon tsawon layin, ka ƙara ƙwan fitila a lungun madarar. Turo min hoton yadda layukan suke ta inbox in nuna maka inda za a ɗaura.